Zakaran Buronya

A Aboabo ba kalanda ke gaya mana Disamba ta tsufa ba,
kuɗin tumatir ne a Kejetiya,
da turoturo da ya ƙara sidi biyu babu ko sallama,
da yaran lungu masu jan ganyen kwakwa
za su kafa bukka a bakin kwata,
rabinsu Kwaku, rabinsu Hamisu.

Mu ba mu da salla a wannan wata.
Amma tela Ɗantani kwana tara bai runtsa ba,
kekensa na kuka har asuba a kan yadin zuwa coci.
Ya ce da ni: Sallau, bikin wasu
shi ke ɗinka wa 'ya'yana kayan Idi.

Shekara ashirin da shida ɗaki na kallon ɗaki,
famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya,
mitar wuta ɗaya da rigimarta ta ƙarshen wata,
ni da Maame Frimpomaa.
Duk jajibirin Buronya sai ta ƙwanƙwasa:
Baba Sallau, fito da wuƙarka.
Ba don ba ta iya ba,
na ga ta fille kan agwagwa tana hira,
sai don kwanon da za ta miƙo gobe
ya shige ɗakina ba tare da ya tsaya a ƙofa ba.
In dubi gabas, in yi bisimilla,
ita tana riƙe da ƙafafu,
tana cewa amin a inda babu amin.

Ran layya kuwa cinya tata ce.
Ba wanda ya taɓa rubuta wannan.

Bana Mubashshir ya dawo daga karatu
da gemu mai kyau da hujja mai kaifi.
Ya ce: Baba, taya su murna
sa hannu ne a kan abin da suke faɗa.
Na ce: ban ce Allah na da ɗa ba, ba kuma zan ce ba.
Annabi Isa namu ne tun ba a san za a yi ka ba.
Amma matar nan ta goya ka kwana huɗu
sa'ad da uwarka ke kwance a asibitin Manhyia,
ka jiƙa mata zanen Lahadi, ta yi dariya.
Ya yi shiru.
Ba shirun yarda ba ne. Jinina ne, na san shi.

Maame ta rasu da damina.
Suka ajiye ta a sanyi wata biyu, yadda suke yi,
mu da ba ma kwana da gawa muna ta lissafi.
Na je makoki, na zauna can baya da hulata.

Ran ashirin da huɗu da la'asar
lasifikar coci ta fara gwajin murya,
yara na fasa nokawut, awaki na tsalle.
Na ce bana wuƙa ta huta.
Sai ƙwanƙwasa.
Kwadwo ne, autanta, daga Tema,
jan zakara a hammata, Hausar zango a baki:
Baba, Maame ya ce kai ne za ka yanka.

Na ɗauko wuƙa, hannu ya ƙi ni.
Tsufa ne, ko wani abu, ban tantance ba.
Zakara na kallona da ido ɗaya.

Mubashshir na tsaye da buta, ruwa na ɗiga daga gemu.
Ya daɗe.
Sannan ya dire butar.
Bai ce barka ba, bai ce afishapa ba.
Ya karɓi wuƙa, ya gwada bakinta a farce,
ya ce da Kwadwo:
riƙe ƙafafun da kyau.
A'a, juyo shi nan. Gabas tana can.

Gobe kwano zai zo, jalof da rabin ƙirji,
a rufe da faranti mai tsaga, wanda na sani.
Ko zai sa hannu, ko zai ce ya ƙoshi,
ban tambaye shi ba.
Na dai wanke cokali biyu.